Hannun Hagun Dalkowski

Duk wanda ya daɗe yana farautar 'yan wasa a ƙananan rukunonin besbol na Amurka ya sani, idan hira ta yi daɗi a motar safa, sai sunan Steve Dalkowski ya faɗo. Dalko tsofaffinmu ke ce masa. Bai taɓa jefa ƙwallo a gasar babban rukuni ba, amma har gobe da shi muke auna duk yaron da aka ce hannunsa na da wuta.

Branch Rickey ne, yana St. Louis Cardinals a shekarun 1920, ya kafa dabarar manyan ƙungiyoyi su mallaki ƙanana, su tara yara da araha, wanda ya yi kyau a ɗauka, saura a sallame su. A 1949 rukunonin sun kai 59. Da talabijin ta shiga gidaje, aka daina zuwa filayen ƙananan garuruwa, ƙungiyoyi suka yi ta rushewa. Ana cikin haka Baltimore Orioles ta ɗauki Dalko a 1957, bahago ɗan shekara 18 daga New Britain ta jihar Connecticut, a kan dala 4,000.

Dokar wasan ba wuya: jifa uku masu kyau suka wuce mai kulki, ya fita, huɗu suka kauce, ya samu hanya kyauta. Dalko ya ƙware a duka biyun. A wani wasa a Kingsport, shekararsa ta farko, ya fitar da mutum 24, ya ba 18 hanya, aka cinye su 8 da 4. A Stockton a 1960, cikin zagaye 170, ya fitar da 262, ya kuma saki 262. Mai kulki na shiga gabansa gaba na faɗuwa, don shi kansa mai jifan bai san inda ƙwallon za ta nufa ba.

Lokacin babu na'urar auna gudu a filaye. A 1958 aka kai shi sansanin gwajin makamai na soja a Aberdeen, ga gajiyar wasan jiya, ga shi babu tudun jifa. Ya daɗe yana jifa kafin ya saita na'urar, ta nuna mil 93.5 a sa'a. Waɗanda suka tsaya gabansa sun rantse ya haura 100 nesa ba kusa ba, ni ma bayansu nake.

Masu horo sun yi ta cika masa kunne, kowa da tasa. Earl Weaver ne a Elmira, a 1962, ya gane yawan umarnin ke rikita shi. Ya rage masa kaya: jifa iri biyu kawai, ya nufi tsakiya. Nan take abu ya daidaita. A watan Maris na 1963, ana wasan share fage da Yankees, ƙofar babban rukuni ta buɗe masa, sai wani abu ya yi ƙaras a gwiwar hannunsa. Tiyatar da likita Frank Jobe ya yi wa ɗan wasa Tommy John, wadda ke dawo da irin waɗannan hannuwa yau, sai 1974 ta zo. Bayan 1965 Dalko ya bar fili, ya koma ƙwadagon tsinkar 'ya'yan itace a Kalifoniya, giya ta cinye shi.

Ron Shelton, wanda shi ma ya yi wasa a ƙananan ƙungiyoyin Orioles, daga labarinsa ya ɗauko halin Nuke LaLoosh na fim ɗinsa Bull Durham a 1988. Dalko ya rasu a Afrilun 2020 a garinsu, bayan ya kamu da korona.

Shekara guda bayan nan aka zaftare ƙananan ƙungiyoyin reno daga 160 zuwa 120, a 2022 kuma 'yan wasan suka shiga ƙungiyar ƙwadago. Yanzu kowane jifa na da lamba a allo, yara na jifa don na'ura ta gani, mu kuma muna ta raka su wajen likitan gwiwa tun ba su kai ashirin ba.