Alƙalamin Malami da Haƙƙin Jama'a: Waiwaye a Kan Aikin Shaihun Malami Joseph Sax

Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne mu bi sawun wani malamin shari'a na ƙasar Amurka, watau Shaihun Malami Joseph Sax, don mu ga yadda binciken da ya yi a jami'a ya shiga kotuna har ya canja yadda ake kallon ruwa da daji da gaɓar teku. Tambayar da ya shafe rayuwarsa yana nazarinta ita ce: shin hukuma tana da ikon ta sallama albarkatun ƙasa ga wanda ta ga dama, ko kuwa riƙon amana kawai take yi wa jama'a, na yanzu da na gaba? Abin da muke son nunawa shi ne, gudummawarsa mafi girma ita ce haɗa abu biyu da aka saba raba su, watau haƙƙin jama'a a rubuce da kuma ƙofar da talaka zai bi ya nemi wannan haƙƙi.

Tasowarsa da Farkon Bincikensa

An haifi Sax a shekarar 1936 a Jihar Illinois. Ya sami digirinsa na farko a Jami'ar Harvard a 1957, sannan ya kammala karatun lauya a Jami'ar Shikago a 1959. Bayan ya taɓa aikin lauya a birnin Washinton, sai ya fara koyarwa a Jami'ar Kolorado a 1962. Yammacin Amurka ƙasa ce mai ƙarancin ruwa, inda manomi da mai haƙar ma'adinai da hukumar birni kowa yake jan kogi wajensa. A nan ne ya shiga nazarin dokokin ruwa, fannin da a wancan zamani ba a ɗauke shi da wata daraja ba.

Amma rubutun da ya fara fito da sunansa a kan tsarin mulki ne. Gyara na biyar na tsarin mulkin Amurka ya hana hukuma ta karɓe dukiyar mutum don amfanin jama'a ba tare da diyya ba. To, in hukuma ba ta karɓe filin ba, sai dai ta kafa dokar da ta hana mai shi yin wani abu a ciki, ita ma za ta biya? A wata maƙala da ya buga a mujallar shari'a ta Jami'ar Yale a 1964, ya raba al'amarin gida biyu. In hukuma ta ɗauki dukiya don ta ƙara wa kanta ƙarfi, kamar gina sansanin soja, lalle ta biya. In kuwa raba gardama take yi tsakanin maƙwabta, ba diyya a kanta.

Abin lura shi ne, a 1971 ya sake komawa wannan mujalla ya gyara ra'ayinsa da kansa. Ya ga cewa filaye a sarƙe suke da juna: wanda ya cike fadamarsa ya tura ambaliya gonar wani, wanda ya ƙona abu a gidansa hayaƙin bai san iyaka ba. Saboda haka hana mutum cutar da jama'a ta hanyar dukiyarsa bai zama ƙwace ba.

Ƙa'idar Amanar Jama'a

A 1966 ya koma Jami'ar Mishigan, inda ya yi shekara ashirin. A nan ne, cikin 1970, ya buga maƙalar da ta fi kowace shahara, a kan abin da za mu kira ƙa'idar amanar jama'a. Ƙa'idar tsohuwa ce. Dokokin Rumawa da aka tattara zamanin Sarki Justiniyan, a ƙarni na shida, sun lissafa iska da ruwa mai gudu da teku da gaɓarsa a cikin abubuwan da kowa yake da rabo. Daga baya irin wannan tunani ya bayyana a shari'ar Ingila, ya ƙetara Amurka.

Sax ya kafa hujjarsa a kan wani hukunci da aka kusa mantawa da shi. A 1869 majalisar Jihar Illinois ta ba wani kamfanin jirgin ƙasa fiye da eka 1,000 na ƙasar da ke ƙarƙashin ruwa a tashar jiragen ruwa ta Shikago. Bayan shekara huɗu ta janye kyautar. Da magana ta kai Kotun Ƙoli, sai ta yanke a 1892 cewa janyewar daidai ce, domin jiha ba ta da ikon rabuwa da abin da take riƙe wa jama'a amana. Sax ya ce, in haka ne ga tashar jiragen ruwa, me zai hana ƙa'idar ta game tafkuna da fadamu da gandayen shaƙatawa? Ya kuma nuna dalilin da ya sa ake bukatar kotu: masu neman a sallama musu albarkatu kaɗan ne, ga kuɗi, ga kusanci da ma'aikatu, su kuwa waɗanda za su yi hasara suna da yawa amma a warwatse suke. Aikin alƙali, a ganinsa, shi ne ya mayar da irin wannan shawara gaban jama'a a tattauna ta a fili.

Bai tsaya ga rubutu ba. Shi ne ya tsara daftarin dokar kare muhalli ta Jihar Mishigan wadda aka zartar a 1970, wadda ta ba kowane mutum hurumin kai ƙarar wanda yake gurɓata iska ko ruwa, ko da kuwa hukuma ce. Jihohin Minnesota da Connecticut sun yi irin tasu a 1971.

Yadda Binciken Ya Shiga Kotuna

Gwaji mafi girma ya zo a Kalifoniya. Tun 1941 birnin Los Angeles yake karkatar da ƙoramun da suke zuba a Tafkin Mono, bisa izinin da hukuma ta ba shi. Cikin shekara arba'in ruwan tafkin ya sauka da wajen ƙafa 45, gishirinsa ya ninka, tsibirin da tsuntsaye suke ƙwai a kai ya haɗe da tudu har namun daji suka sami hanya. Masu kare muhalli suka shigar da ƙara a 1979. A 1983 Kotun Ƙoli ta Kalifoniya ta yanke cewa izinin ɗibar ruwa, kome daɗewarsa, yana ƙarƙashin amanar jama'a, kuma hukuma tana iya sake duba shi. A 1994 aka taƙaita wa birnin yawan ruwan da zai ɗiba.

Ƙa'idar ta kuma ƙetara teku. A 1996 Kotun Ƙoli ta Indiya ta saurari ƙarar wani kamfanin masauki da ya karkatar da Kogin Beas don kare gine-ginensa. Kotun ta kafa hujja da maƙalar Sax da hukuncin Tafkin Mono, ta soke hayar filin, ta kuma ce amanar jama'a tana cikin dokar Indiya. Dokar ruwa ta Afirka ta Kudu ta 1998 ita ma ta kira gwamnati mai riƙon amanar ruwan ƙasa.

Bayan Mishigan, Sax ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Daga 1994 zuwa 1996 ya zama mai ba Sakataren Harkokin Cikin Gida, Bruce Babbitt, shawara. An ba shi lambar yabo ta Blue Planet ta ƙasar Japan a 2007. Ya rasu a watan Maris na 2014.

Suka da Iyakoki

Ba mu ce aikin ya tsira daga suka ba. A 1986 Richard Lazarus, wanda shi ma masanin shari'ar muhalli ne, ya rubuta cewa ƙa'idar ta dogara ainun ga halin alƙalai, kuma dokokin majalisa sun fi ta tabbas. Masu kare haƙƙin mallaka kuwa suna ganin hanya ce ta guje wa biyan diyya. A 2012 Kotun Ƙolin Amurka ta bayyana cewa ƙa'idar al'amari ne na dokar kowace jiha, don haka ƙarfinta ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Shi kansa Tafkin Mono, shekara talatin bayan shawarar 1994, bai kai matsayin da aka ƙayyade masa ba. Ashe cin nasara a kotu daban, cikar tafki daban.

Kammalawa

Kalmar amana ba baƙuwa ba ce a dokokinmu. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna bisa amana don amfanin 'yan Nijeriya duka. Sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa hukuma kare ruwa da iska da ƙasa da daji, amma sashe na 6 ya tauye hurumin kotu a kan babin da wannan tanadi yake ciki. Sai a 2018 Kotun Ƙoli ta amince cewa ƙungiya mai zaman kanta tana iya kai ƙara a kan malalar mai. Wannan giɓi tsakanin alkawari da ƙofar kotu shi ne ainihin abin da Sax ya yi wa aiki.

Mu malamai kuwa, darasinmu uku ne. Ya zaɓi fannin da aka raina, ya dawwama a kansa. Da ya ga kuskure a ra'ayinsa, ya koma ya gyara shi. Sannan ya bi bincikensa daga ɗakin karatu har zauren majalisa. Hausawa sun ce amana ɗaukarta da sauƙi, riƙonta da wuya. Tambayar da muke bar wa mahalarta wannan taro ita ce, in mai riƙon ya ci amanar, wa dokokinmu suka ba hurumin tuhumarsa?