Iskar kabon dayoksaid a akwatin kifi: Abincin tsiro, barazana ga kifi

Masu kiwon kifin ado a akwatin gilashi mai ɗauke da tsire-tsire masu rai suna fuskantar wata matsala guda: iskar da tsiro ke buƙata domin ya girma ita ce ke iya hallaka kifi idan ta yi yawa.

Wannan iska ita ce kabon dayoksaid, wadda masana ke rubutawa da CO2. Tsiro na haɗa ta da ruwa da haske ya samar da abincinsa, sannan ya fitar da iskar oksijin da kifi ke shaƙa.

Tun a shekarar 1850 wani masanin sinadarai ɗan Ingila, Robert Warington, ya nuna cewa kifi da tsiro za su iya rayuwa tare a ruwan da ba a sauyawa, saboda kowanne na amfani da abin da ɗayan ya fitar.

Me ya sa ake ƙara iskar?

Ruwan da aka ajiye a buɗe ba ya riƙe ko miligiram ɗaya na CO2 a kowace lita. Numfashin kifi da ruɓewar ganye kan ɗaga adadin zuwa kimanin miligiram 2 ko 3, wanda ya ishi tsire-tsire masu jinkirin girma.

Amma idan aka saka fitila mai ƙarfi, tsiron kan cinye ɗan abin da ke akwai cikin sa'o'i kaɗan, girmansa ya tsaya, gansakuka kuma ta samu damar mamaye ganye da gilashi.

Don haka ne masu wannan sana'a ke tura iskar cikin ruwa daga tukunyar gas, wasu kuma su samar da ita ta hanyar haɗa sukari da yis a cikin gora. Adadin da akasari ake nema shi ne miligiram 20 zuwa 30 a kowace lita.

Mutumin da ya fi yaɗa wannan dabara shi ne Takashi Amano, mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Japan, wanda ya kafa kamfanin Aqua Design Amano a 1982. A shekarar 2015, wadda ya rasu a cikinta, aka buɗe wani katafaren akwati da ya tsara a birnin Lisbon na ƙasar Fotugal, mai tsawon mita 40 da ruwa lita 160,000.

Yadda iskar ke sauya ruwa

Idan CO2 ta narke a ruwa, wani ɓangare nata kan zama asid mara ƙarfi, ruwan ya ƙara tsami. Ana auna tsamin da ma'aunin pH, wanda ɗan ƙasar Danmak, Soren Sorensen, ya ƙirƙiro a 1909. Lamba 7 ce tsaka-tsaki. Ƙasa da ita tsami ne, sama da ita kuma ruwan ya karkata zuwa yanayin kanwa.

Sai dai pH kaɗai ba ya bayyana yawan iskar. Dole a haɗa da ma'auni na biyu, KH, wanda ke nuna yawan gishirin kabonet da ke rage kaifin asid. Ruwan da ya ratso dutsen farar ƙasa na da KH mai yawa, ruwan sama kuwa kusan ba shi da shi, shi ya sa tsaminsa ke saurin hawa da sauka.

Misali, a ruwan da KH ɗinsa ya kai 4, pH na 7.6 na nufin akwai kimanin miligiram 3 na CO2 a lita. Idan ya sauka zuwa 7.0 adadin ya zama 12, a 6.6 kuma ya kai 30. Da zarar ya taɓa 6.3, iskar ta kai kusan miligiram 60.

Ke nan saukar da ba ta wuce 0.3 ba a ma'aunin pH na ninka yawan iskar sau biyu. Wannan ita ce tazarar da ke tsakanin lafiyar tsiro da mutuwar kifi.

Lissafin ba ya zama daidai idan akwai wani abu daban da ke tsamama ruwan, kamar busasshen icce ko ganye da aka saka domin ado. Saboda haka da dama ke maƙala wata 'yar kwalba mai ruwan gwaji a jikin gilashi. Shuɗi na nufin iskar ta yi kaɗan, kore daidai, rawaya kuma ta yi yawa. Amma launin kan ɗauki sa'a ɗaya zuwa biyu kafin ya sauya.

Haɗarin dare

Idan CO2 ta yi yawa a ruwa, kifi ba ya iya fitar da wadda ke cikin jininsa, jinin kuma ya kasa ɗaukar isasshen oksijin, ko da kuwa akwai shi a ruwan. Alamar farko ita ce kifaye su taru a saman ruwa suna haki.

An fi samun haka da dare, domin idan haske ya ɗauke tsiro kan daina cin CO2, amma ya ci gaba da shaƙar oksijin kamar kifi. Irin wannan ne masu kiwon kifi a tafki ke gani da asuba, lokacin da kifaye ke taso wa sama neman iska.

Don haka ake kashe gas ɗin kafin a kashe fitila, a kunna shi sa'a ɗaya ko biyu kafin haske ya dawo. Idan kifi ya fara haki, matakin gaggawa shi ne a rufe gas, a motsa saman ruwan, sannan a sauya wani kaso nasa.

Ba dole ba ne sai an ƙara iskar. Tsiron Anubias, wanda asalinsa daga rafukan dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, ciki har da kudancin Najeriya da Kamaru, yana rayuwa da ɗan haske da kuma iskar da kifi ke fitarwa, ko da yake yakan ɗauki makonni kafin ya fitar da sabon ganye.