Tsuntsaye Uku da Tarihin Ƙasar Finlan

Mai karatu zai yi mamaki in an ce masa tsuntsu na iya shiga gwagwarmayar neman 'yanci. To, abin da ya faru ke nan a Finlan, wata ƙasa mai dazuzzuka da tafkuna a arewacin Turai. Wannan ɗan bayani zai duba yadda masu zanen ƙasar suka ɗora wa tsuntsaye maganar da bakinsu ba ya iya faɗi.

Finlan ta yi ɗaruruwan shekaru ƙarƙashin Suwidin, sa'an nan a 1809 ta koma hannun Sarkin Rasha, amma aka bar ta da dokokinta. Masu ilmin ƙasar suka ga su ba Suwidawa ba, kuma ba sa son zama Rashawa, sai suka shiga neman abin da za su nuna su ce nasu ne. A 1835 wani likita, Elias Lönnrot, ya buga Kalevala, wato tsofaffin waƙoƙin baka da ya tattara daga bakin mutanen karkara. Wajen 1890 kuwa wani salon zane ya iso daga Faransa, wanda za mu iya kira zanen alama. A wannan salo, abin da ido ya gani yana tsaye ne a madadin wani abu da ke cikin zuciya. Masu zanen Finlan suka haɗa salon da waƙoƙinsu da dajinsu.

Tsuntsu na farko shi ne baƙin maƙwaƙƙwafi. A 1892 Akseli Gallen-Kallela ya tafi tafkin Paanajärvi, can kusa da iyakar Rasha, ya soma zana shi. Ga daji iya ganin ido, babu gida babu gona, sai tsuntsun nan shi kaɗai maƙale a busasshen itace, da ɗan ja a kansa. Babu sarki ko soja a hoton, amma ya nuna wa 'yan ƙasar halin da suke so a san su da shi, wato juriya da iya zaman kaɗaici. Abin tausayi, bayan Yaƙin Duniya na Biyu tafkin ya faɗa cikin Rasha.

Na biyu wata farar tsuntsuwar ruwa ce mai dogon wuya, dangin dinya, wadda Turawa ke kira suwan. Cikin Kalevala an aiki jarumi Lemminkäinen ya harbo ta a kogin ƙasar matattu, sai shi aka kashe, aka jefa shi a ruwa. A 1897 Gallen-Kallela ya zana uwarsa a bakin kogin, ta tsamo gawar ɗanta ta harhaɗa, ta ɗaga kai tana jiran kudan zuma da zai kawo maganin tashinsa. Can baya kuma ga tsuntsuwar tana iyo cikin baƙin ruwa, ko gashinta ba a taɓa ba. Mutanen da ke fargabar a haɗiye ƙasarsu ba su sha wuya wajen gane wannan habaici ba.

Fargabar kuwa ta tabbata. A watan Fabrairu na 1899 Sarki Nikolas na Biyu ya fitar da wata shela da ta ba shi ikon yi wa Finlan doka ba da yardar majalisarta ba. A shekarar nan Eetu Isto ya zana tsuntsu na uku, mikiya mai kai biyu, wadda ita ce tambarin daular Rasha. Ta diro kan wata budurwa mai farar riga tana son fizge mata littafin dokoki, ita kuwa ta riƙe gam. Aka buga hoton da yawa aka rarraba a ɓoye, don a nan habaici ya ƙare, magana ta fito fili.

In muka duba za mu ga an raba tsuntsayen gida biyu. Na daji da tafki su ne 'yan ƙasa, na tambarin sarauta kuwa shi ne baƙo mai ƙwace. Finlan ta sami mulkin kai ranar 6 ga Disamba, 1917.

Sai dai darajar da aka ba suwan a hoto ba ta hana maharba bin ta ba, har wajen 1950 ta kusa ƙarewa a ƙasar. Wani likitan dabbobi, Yrjö Kokko, ya rubuta littafi a kanta a shekarar, hankalin jama'a ya dawo, ta sake yaɗuwa. Yau ita ce tsuntsuwar ƙasa, kuma guda biyu ne ke shawagi a bayan kwandalar yuro ɗaya ta Finlan.