Makashin da Kasuwa Ta Hana Shi Mutuwa

A wani gidan kallo a Tsanyawa na fara ganin finafinan Amurka na kisan matasa, na kuma lura cewa makashin ba ya mutuwa. Friday the 13th ya fito a 1980. Kashi na huɗu, na 1984, aka ce shi ne na ƙarshe, amma da ya kawo kuɗi, shekara na zagayowa sai ga na biyar. Ci gaban labari yana da alfanu idan ya bi wadda ta tsira, kamar Sidney a Scream 2 na 1997, mai rayuwa da tabon abin da ta gani. Aibinsa kuwa, jini kan zama haja. Ranar da na ji ƙannena suna ƙirga gawarwaki suna dariya, ranar na tsorata.