Toyota Camry XV40

Toyota Camry XV40 mota ce matsakaiciya mai ƙofa huɗu wadda kamfanin Toyota na ƙasar Japan ya ƙera daga shekarar 2006 zuwa 2011. An fara nuna ta ga jama'a a bajekolin motoci na birnin Detroit a watan Janairun 2006, aka soma sayar da ita a Amurka a watan Maris na wannan shekara a matsayin samfurin 2007. Ta gaji XV30, sannan XV50 ta gaje ta a 2011. A Najeriya an fi sanin ta da laƙabin "Muscle", wasu kuma suna kiran ta "Spider". Motar ta yi suna wajen juriya da sauƙin samun kayan gyara, amma tana da wasu matsaloli da ta fito da su daga masana'anta, waɗanda kamfanin ya amince da su ta hanyar kiranye da tsawaita garanti. Wa'adin duk garantin nata ya riga ya ƙare, don haka ɗawainiyar gane matsala da gyara ta yanzu tana kan masu motar da kanikawansu.

Ƙira da injina

An harhaɗa XV40 a masana'antu da dama, ciki har da na Tsutsumi a Japan, Georgetown a jihar Kentucky, Lafayette a jihar Indiana, Altona a Ostareliya, Guangzhou a Sin da kuma Sant Fitasbag a Rasha. Tazarar da ke tsakanin tayoyinta na gaba da na baya milimita 2,775 ce, kuma tayoyin gaba ne ke jan motar. A kasuwar Amurka an sayar da ita a matakai huɗu: CE, LE, SE da XLE. Mujallar Motor Trend ta zaɓe ta a matsayin motar shekara ta 2007.

Samfurin 2007 zuwa 2009 ya zo da inji mai silinda huɗu, lita 2.4, mai lamba 2AZ-FE da ƙarfin doki 158, ko kuma inji mai silinda shida, lita 3.5, mai lamba 2GR-FE da ƙarfin doki 268. Daga samfurin 2010 aka maye gurbin ƙaramin injin da 2AR-FE mai lita 2.5. Akwai kuma nau'in da ke haɗa fetur da lantarki. Duk waɗannan injina sarƙa ce ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul ɗinsu, ba bel ba, saboda haka ba su da wa'adin sauya bel ɗin tayimin kamar wasu tsofaffin Camry.

Garanti da ire-irensa

A Amurka, sabuwar XV40 ta zo da garantin gama-gari na shekara 3 ko mil 36,000 (kimanin kilomita 58,000), duk wanda ya riga cika. Inji da giya suna da nasu na shekara 5 ko mil 60,000, kayan lantarki na nau'in haɗaka kuma shekara 8 ko mil 100,000. Garanti yana ɗaukar nauyin kuskuren ƙira ne ko na harhaɗawa. Ba ya biyan abin da ke cinyewa da amfani, kamar takalmin birki da roban goge gilas, haka nan ba ya biyan ɓarnar haɗari ko ta sakaci. A ƙarƙashin dokar Magnuson-Moss ta 1975, kamfani ba zai soke garanti ba don kawai an yi wa mota juye a wani gareji, amma yana iya ƙin biyan gyaran da ya tabbata rashin kulawa ne ya jawo shi. Wannan ya sa ajiye rasiɗan sabis yake da muhimmanci.

Bayan garantin asali, akwai hanyoyi uku da ake yawan rikita su da juna. Kiranye yana shafar lahanin da ke barazana ga rai, ana yin sa ƙarƙashin sa-idon hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta Amurka, NHTSA, kuma gyaran kyauta ne. Tsawaita garanti shi ne kamfani ya ƙara wa'adi a kan wani sashe guda da aka ga yana yawan lalacewa. Sanarwar gyara kuwa takarda ce da kamfani ke aika wa dillalansa yana bayyana wata matsala da yadda ake magance ta. Ba ta nufin gyaran kyauta ne, sai idan motar tana cikin garanti.

Kiranye

A ƙarshen 2009 Toyota ya yi kiranyen miliyoyin motoci a Amurka, ciki har da Camry ta 2007 zuwa 2010, saboda shimfiɗar ƙasa tana iya danne totur ta hana shi dawowa. An rage tsawon totur ɗin, an sauya shimfiɗar, an kuma sa wa kwamfutar motar tsarin da ke rage wutar inji idan aka taka birki da totur lokaci guda. A watan Janairun 2010 aka sake kiranyen motoci kusan miliyan 2.3 saboda shi kansa totur ɗin yana iya cijewa. Binciken da NHTSA ta yi tare da injiniyoyin NASA, wanda aka fitar a watan Fabrairun 2011, bai gano lahani a na'urar lantarkin totur ba. A watan Maris na 2014 kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 1.2 ga Ma'aikatar Shari'a ta Amurka kan yadda ya ɓoye wa jama'a bayani game da lamarin.

A watan Oktoban 2012 an yi wani kiranye da ya shafi motoci sama da miliyan 7 a duniya, har da Camry ta 2007 zuwa 2009. Maɓallin ɗaga gilas na ƙofar direba ba a shafa masa giris daidai ba, yana iya cijewa, ya yi zafi, har ya narke.

Shan baƙin mai

Matsalar da ta fi cin kuɗin masu XV40 ita ce shan baƙin mai a injin 2AZ-FE. Zoben fistin da ke share mai daga jikin silinda yana toshewa da dauɗar ƙuna, sai mai ya riƙa haurawa ɗakin ƙuna yana ƙonewa tare da fetur. Haɗarin shi ne ba a ganin ɗigon mai a ƙasa, kuma sau da yawa hayaƙin ba ya bayyana sosai. Fitilar mai da ke kan dashbod ƙarancin matsi take nunawa, ba yawan man da ya rage ba, don haka idan ta kama galibi an riga an makara.

Toyota ya fitar da sanarwar gyara a kan haka a 2011, sannan a 2015 ya tsawaita garanti zuwa shekara 10 ko mil 150,000 (kimanin kilomita 240,000). Dillali kan cika mai, ya liƙe murfi, mai mota ya yi tafiyar kusan mil 1,200, wato kilomita 1,900, sannan a sake aunawa. Idan abin da injin ya sha ya kai kusan lita ɗaya, sai a sauya fistin da zobba. Injin 2AR-FE da ya zo daga baya ba ya cikin wannan shirin.

Akwai wasu matsaloli biyu da kamfanin ya ɗauki nauyinsu. A injin silinda shida, wani bututun mai da ke da sashen roba yana iya fashewa ya zubar da man inji cikin ɗan lokaci. An sauya shi kyauta daga 2010, daga baya kuma aka samar da bututun ƙarfe zalla. Haka kuma dashbod ɗin samfurin 2007 zuwa 2011 yana narkewa a wurare masu zafi da laima, ya yi danƙo da ƙyalli har ya riƙa haska gilashin gaba, kuma shi ma an tsawaita garantinsa.

Gano matsala ta hanyar ƙara

Kanikawa kan yi tambaya uku kafin su buɗe komai: yaushe ƙarar take zuwa, daga wane ɓangare, kuma me ke sauya ta. Ƙarar da ke ƙaruwa idan aka ba da wuta mota tana tsaye ta inji ce ko abin da inji ke juyawa. Wadda ke bin gudun mota ta taya ce, ko boris, ko shaf. Wadda kuma sai an shiga rami ko gargada ake jin ta, daga ƙafafun mota take.

Ƙarar kaca-kaca ta daƙiƙa ɗaya ko biyu da zarar an tayar da mota da safe yawanci daga giyar VVT-i take, wadda ke jiran matsin mai ya iso gare ta. An san injinan 2GR-FE da 2AR-FE da wannan. Idan ƙarar ta daɗe fiye da haka, ana fara duba yawan mai da ingancin matacinsa.

Ƙara mai tsini kamar fito, musamman da sanyin safiya ko idan aka kunna na'urar sanyaya, alama ce ta fanbel da ya saki ko ya tsufa, ko kuma abin da ke ɗame shi ya gaji. Idan gurnani ne daga gefen fanbel tare da busasshen tabo mai ruwan hoda, famfon ruwa ne ke yoyo. Barin sa yana kai injin ga ɗaukar zafi da ƙonewar gasket.

Bugu mai nauyi daga cikin inji, wanda ke ƙaruwa da wuta, shi ne mafi haɗari. Yana nuna metal ɗin kiranshaf ya cinye, galibi saboda ƙarancin mai. Ana kashe motar nan take, domin ci gaba da tafiya shi ke sa inji ya buga gaba ɗaya.

Ƙwas-ƙwas a kan gargada yawanci daga sandunan da ke haɗa ƙarfen daidaita mota da shokazoba ne, ko bushin da ya tsage, ko kan shokazoba. Ƙas-ƙas a jere lokacin da aka karya kwana ana ba da wuta kuwa daga kan shaf ne, bayan robarsa ta yage giris ya zube ƙasa ta shiga. Gunji mai ƙaruwa da gudu, wanda ke sauyawa idan aka ɗan karkata sitiyari dama ko hagu, na boris ɗin taya ne, ko da yake tayar da ta cinye ba daidai ba tana yin irinsa.

A birki, ƙiii mai siriri na nufin ɗan ƙarfen gargaɗi ya fara taɓa faifai, lokacin sauya takalmi ya yi. Idan ta koma gurza, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Rawar sitiyari lokacin taka birki a guje kuma tana nuna fuskar faifan gaba ba ta daidaita ba. Girgiza idan mota tana tsaye cikin giya, ko jijjiga lokacin sa giyar baya, sau da yawa daga kujerun inji ne da robarsu ta mutu.

Kula da motar

Littafin motar na Amurka ya tanadi juye duk mil 5,000 (kilomita 8,000) ko wata shida. Injin 2AZ-FE yana amfani da mai 5W-20 ko 0W-20, kusan lita 4.3, 2AR-FE yana amfani da 0W-20, mai silinda shida kuma 5W-30, kusan lita 6.1. Ga injin da ke shan mai, auna shi duk mako ko kafin doguwar tafiya ya fi komai muhimmanci. Zuba mai mai kauri yana iya rage alamar, amma ba ya buɗe zoben da ya toshe.

Ruwan lagireto na Toyota mai ruwan hoda ana fara sauya shi ne a mil 100,000, daga nan duk mil 50,000. Ruwan famfo zalla yana jawo tsatsa da toshewa. Fulogin iridiyam yana kai wa mil 120,000. Giyar otomatik tana buƙatar mai nau'in WS, kuma mai mataki shida ba ta da sandar awo, sai an auna ta ƙasa a wani ƙayyadadden zafi. A wuraren ƙura, musamman lokacin hunturu, matacin iska yana toshewa kafin wa'adinsa. Idan fitilar inji ta kama, ana jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari a karanta lambar matsalar. Lambar P0420, misali, tana nuni ga matacin hayaƙi da ke cikin salansa, wanda kanikawan Najeriya ke kira "indomi", kuma inji mai shan mai yana saurin kashe shi.

A Najeriya da maƙwabta

Da yawa daga cikin XV40 da ke yawo a Najeriya na hannu ne da aka shigo da su daga Amurka da Kanada, ta tashar jiragen ruwa ta Legas ko ta Kwatano. Gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga Janairun 2017. Irin waɗannan motoci ba su zuwa da garantin da ke aiki, kuma ba kowacce aka kai gyaran kiranye kafin ta baro ƙasarta ba. Mai saye yana iya shigar da lambar shasi mai harafi 17 a shafin NHTSA ya ga ko akwai kiranyen da ba a yi ba. Farkon lambar yana nuna inda aka harhaɗa motar: 4T1 Kentucky, 4T4 Indiana, JTN Japan. Kafin biyan kuɗi akan tayar da injin yana da sanyi a saurare shi, a duba fulogi ko akwai mai a jikinsu, a leƙa bututun mai idan silinda shida ce, sannan a gwada motar a kan kwalta da kuma gargada.