Gudummawar da ta cinye Ngazargamu

A watan Agusta na 2023, lokacin da ECOWAS ta yi barazanar tura dakaru Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar na cikin tawagar da ta je Yamai neman sulhu. Gidan da ya fito ya san wannan takaddama tun kafin a aza tubalin birnin Sakkwato a 1809, sai dai a wancan karon su ne masu juyin, Borno ce babbar daular da ke maƙwabtaka.

Da jihadin 1804 ya bazu daga Gobir, sarakunan Katsina da Kano da Daura suka ga abin ya fi ƙarfinsu, suka kai kuka wajen Mai Ahmad. Borno ta daɗe tana ɗaukar kanta uwar ɗakin ƙasar Hausa, saboda haka ta amsa. Abin da fadar ba ta auna ba shi ne Fulanin da ke zaune cikin iyakarta ta yamma, waɗanda zukatansu ke tare da Shehu. Gudummawar ba ta ceci kowa ba: Sarkin Kano Alwali ya sha kashi a Ɗanyaya, gidan sarautar Katsina ya yi hijira, daga baya ya kafu a Maraɗi. A 1808 kuwa Gwani Mukhtar ya shiga Ngazargamu kanta, birnin da ya haura shekara ɗari uku yana fadar Borno.

Malami ne ya ƙwato birnin, Muhammad al-Amin al-Kanemi, kuma shi ya mayar da faɗan zuwa alƙalami. Ya rubuto yana tambayar hujjar yaƙar mutanen da ke salla da azumi, yana cewa saɓo ba ya mai da Musulmi kafiri. Muhammadu Bello, wanda ya adana wasiƙun cikin Infaƙul Maisuri, ya kafe a wuri guda: Borno ce ta fara, tun da ta taya sarakunan Hausa yaƙar jama'a. A ganina al-Kanemi ya fi ƙarfin hujja ta fuskar fiƙihu, amma bai taɓa warware wannan zargi ba.

Shi ma ya sake gwadawa. A 1827 ya doshi Kano da runduna, Yakubun Bauchi ya tare shi, ya juya. Sarautar da ya zo ceta kuwa, gidansa ne ya gaje ta: a 1846 ɗansa Umar ya kawo ƙarshen mulkin Sefuwa.