Saita Rauta Domin Kiran Murya a Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

Rauta na'ura ce da ke karɓo intanet daga layi ɗaya ta rarraba wa wayoyi da kwamfutocin gida, shago ko ofis. Idan aka saita ta da kyau, takan ɗauki kiran murya, ko ta manhaja irin WhatsApp, wadda ta fara kiran murya a 2015, ko ta wayar tebur mai aiki da fasahar VoIP.

A Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974 ke shayar da gonakin aikin noman rani na Kogin Kano, ciniki mai yawa ta waya ake ƙulla shi. Mai injin casar shinkafa a Kura na jiran mai saye daga Dawanau, dillalin tumatir a Kwanar Gafan na neman farashin Legas kafin mota ta tashi. Tumatir kuwa ba ya jiran sabis ya dawo.

Yadda murya ke tafiya

Ana yanka murya zuwa ƙananan ƙunshin bayanai, a aika su, a sake haɗa su a wajen mai saurare. Murya ba ta cin data da yawa. Tsarin G.711 yana buƙatar kilobit 64 a daƙiƙa, G.729 kuma kilobit 8, ban da ɗan ƙarin bayanan adireshi. Jinkiri shi ne babban abokin gabarta. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin ya wuce milisakan 150 daga mai magana zuwa mai ji. Da zarar ya zarce haka sosai, sai mutum biyu su riƙa cin karo da maganar juna. Idan ƙunshin ya ɓace a hanya, muryar takan yanke.

Matakan saiti

Na farko shi ne zaɓen layi. Mafi yawan masu amfani a karkara sun dogara da rauta mai sim ta 4G. A gwada MTN, Airtel da Glo a wurin da za a ajiye na'urar, da safe da kuma dare, domin ƙarfin sabis yakan bambanta daga ƙauye zuwa ƙauye. Dole layin ya kasance a haɗe da lambar NIN, kuma na'urar ta zama wadda hukumar NCC ta amince da ita.

Na biyu, wurin ajiya. A ɗora ta sama, kusa da tagar da ke fuskantar turken sabis. Rufin kwano da katangar sito cike da buhuna suna raunana sigina. A irin wannan wuri eriyar waje takan taimaka.

Na uku, shiga shafin saiti. Adireshinsa, kamar 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, yana rubuce a jikin na'urar. A canza kalmar sirrin da ta zo da ita nan take. Wanda ya bar ta yadda take ya bar ƙofar rumbunsa a buɗe: maƙwabta za su cinye datar, ɓarayin intanet kuma na iya yin kiran ƙasashen waje da asusunsa.

Na huɗu, fifita murya. A sashen QoS, a sanya wayar tebur ko wayar mai shago a matakin farko, a kuma taƙaita abin da sauran na'urori za su ja. Ta haka bidiyon da yaran shago ke kallo ba zai shaƙe kiran ciniki ba. Wayar tebur an fi so a haɗa ta da kebul maimakon Wi-Fi.

Na biyar, ga masu asusun SIP, a shigar da sunan saba, lamba da kalmar sirri da kamfanin ya bayar. Tsarin yakan bi ta ƙofa mai lamba 5060. Idan ana jin ɓangare ɗaya kawai, ko kira na yankewa bayan ƴan daƙiƙu, a kashe abin da ake kira SIP ALG, domin sau da yawa shi ne sanadi.

Wuta da yanayi

Rauta ba ta cin wuta sosai, galibi kusan wat 10. Amma idan wutar KEDCO ta ɗauke, kira ya tsaya, saboda haka ana haɗa ta da ƙaramin batir ko sola. A kiyaye ta daga ƙurar hunturu da ƙaiƙayin injin casa, a kuma nisanta ta da zafin rana na watan Afrilu. Da damina, a cire kebul na eriyar waje idan hadari ya taso da tsawa.

Ko bayan an gama saiti, a ci gaba da riƙe wayar hannu mai layi na yau da kullum, domin lambar gaggawa ta 112 ba kowane tsarin kiran intanet ne ke isar da ita ba.